Idan Ɗalibai Suka Ba Juna Maki a Ajin Ƙiyasin Gini, Me Ake Aunawa?

Lokacin da nake aji uku a jami'a, an raba mu rukuni-rukuni, mutum shida-shida. Aka ba mu zanen wani ɗan gida mai ɗaki uku, aka ce mu fitar da ƙiyasin kayan aikinsa tun daga haƙan tushe har rufi. Sati biyar muka yi muna fama. Ranar miƙa aiki sai malamin ya raba mana wata 'yar takarda, ya ce kowa ya ba 'yan rukuninsa maki daga ɗaya zuwa goma, gwargwadon gudummawar da suka bayar.

A cikinmu akwai abokin ɗakina. Sau biyu kacal ya zo zaman da muka yi, kuma duk biyun yana kan waya. Tara na ba shi. Da daddare kwano ɗaya za mu ci, ina zan sa idona? Akwai kuma wata ɗaliba wadda ita kaɗai ta auna duk katangu da filasta, amma ba mai yawan magana ba ce. Takwas na ba ta, ba don wani laifi ba, sai don ban cika jin muryarta ba.

Yanzu ina digiri na biyu a fannin sarrafa ayyukan gini, kuma nakan taya duba takardun 'yan aji biyu da uku. Wannan tsari na sa ɗalibai su auna juna yana shan yabo sosai a rubuce-rubucen masana koyarwa, musamman a Birtaniya da Ostireliya. Na karanta hujjojinsu da niyyar in gamsu, kuma rabi na gamsu. Matsayata ita ce: ɗalibi ya duba aikin ɗan'uwansa yana cikin hanyoyi mafi kyau na koyon ƙiyasi, amma ɗalibi ya yanka wa ɗan'uwansa makin da zai shiga sakamakonsa awo ne mai rauni. Kuskuren da ake yi shi ne ɗauko hujjojin na farko a kare na biyu da su.

Wane ne mai ƙiyasin gini?

Ga wanda bai san sana'ar ba, mai ƙiyasin gini shi ne wanda ake kira kwantiti sabeya. Mai zane ya zana, injiniya ya faɗi ƙarfin rodi da kankare, shi kuma ya zauna ya auna komai daga zanen: ƙasa nawa za a haƙa, bulo nawa, siminti nawa, kwano nawa. Daga nan ya fitar da takardar ƙiyasi, wadda 'yan kwangila za su sa farashi a kanta. Idan aiki ya kankama, shi ne ke zuwa ya auna abin da aka yi a ƙasa, ya faɗi nawa ya kamata a biya ɗan kwangila a wannan matakin.

A Najeriya ƙungiyar masu sana'ar, NIQS, ta kafu a 1969, hukumar yi musu rajista kuma, QSRBN, a 1986. Ana koyar da fannin a wurare irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Wanda ya fito daga irin waɗannan azuzuwa, sa hannunsa ne zai sa a saki miliyoyi ko a riƙe su. Shi ya sa yadda aka auna shi a makaranta ya shafe ka, ko da ba ka taɓa shiga ajin ba.

Abu biyu da ake kira da suna ɗaya

Na farko shi ne duba aiki. An ba ka takardar awon wani, ka bi ta layi-layi, ka ce nan daidai, nan kuskure, ga dalili. Na biyu shi ne rabon makin rukuni. Malami ya ba aikin rukuni maki ɗaya, sannan 'yan rukunin su faɗi wa ya fi wa ƙoƙari, a raba makin a kan haka. Irin wanda muka yi a aji uku ke nan.

A na farko akwai abu a gabanka, takarda ce da lambobi, kowa zai iya sake dubawa. A na biyu abin da ake tambayarka shi ne abin da ka tuna game da halin mutum cikin sati biyar, mutumin da kuma gobe za ku haɗu a hostel. Ka riƙe wannan bambanci, don duk maganar a kansa take.

Me lambar 0.69 take faɗa?

Hujjar da aka fi kafawa ita ce aikin Nancy Falchikov da Judy Goldfinch na shekarar 2000. Sun tattara bincike 48 da aka kwatanta makin da ɗalibai suka ba juna da wanda malamai suka bayar, suka samu matsakaicin alaƙa ta 0.69. A ma'aunin alaƙa, sifiri yana nufin babu dangantaka, ɗaya kuma yana nufin abu biyun suna hawa da sauka tare daidai wa daida. To 0.69 ba ƙarama ba ce. Daga nan ake cewa ai ɗalibai sun iya ba da maki kusan kamar malamai.

Amma mu tsaya mu duba abu uku.

Na ɗaya, alaƙa jeri take aunawa, wato wa ke gaba wa ke baya. Ba ta auna ko makin kansa daidai ne. A ce malami ya ba ɗalibai uku 40 da 50 da 60, abokansu kuma suka ba su 55 da 65 da 75. Alaƙar nan ɗaya ce cif, cikakkiya, alhali kowa an ƙara masa 15. Kamar tef ne da aka gutsure bakinsa: zai gaya maka wace katanga ta fi tsawo, amma duk awon da ya ba ka ƙarya ne.

Na biyu, idan ka ninka 0.69 da kanta za ka samu kusan 0.48. Ma'anarsa, ƙasa da rabin bambancin da ke cikin makin ɗalibai ne ya yi daidai da bambancin da ke cikin makin malami. Sauran daga wani wuri ya fito. Ga aji gaba ɗaya wannan ba laifi. Ga ɗalibi guda da ke kan iyakar ci da faɗuwa, babban abu ne.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu, kuma a cikin binciken nasu yake. Sun gano cewa makin ɗalibai ya fi kusantar na malamai idan ana auna aikin karatu, kamar rubutu ko gabatarwa a gaban aji, da ƙa'idojin da kowa ya fahimta. Idan aka zo auna aikin sana'a, kusancin yakan ragu. Ƙiyasin gini da sarrafa aikin gini kuwa sana'a ce tun daga aji biyu. Wato binciken da ake jingina da shi ya yi gargaɗi daidai a kan irin ajinmu.

Sannan kada a manta, duk wannan magana a kan duba aiki ce, inda akwai makin malami da za a kwatanta da shi. A rabon makin rukuni malamin bai halarci zaman ba. Ba shi da awo nasa. Da me za a gwada?

Lissafin rabon maki

An ƙirƙiri manhajoji don wannan rabo: WebPA daga Jami'ar Loughborough a Ingila, SPARK daga wata jami'ar fasaha a Sidni, CATME a Amurka. Kowacce da irin nata lissafi, amma tushen ɗaya ne. Ana fitar wa kowane ɗalibi lamba daga abin da abokansa suka ba shi. Wanda ya yi daidai da matsakaicin rukuni yana samun 1.0, sai a ninka makin rukunin da lambarsa.

Bari in ƙirƙiro misali mai sauƙi don mu ga yadda abin ke aiki. Rukuni na mutum biyar, duk sun yi aiki daidai, malami ya ba su 60. Kowa yana da maki 100 da zai raba wa mutum biyar ɗin, har da kansa. Idan kowa ya yi gaskiya, 20-20 za a raba, kowa ya tashi da 100, lambarsa 1.0, makinsa 60.

Yanzu a ce uku daga ciki abokai ne, suka haɗa baki. Kowannensu ya ba su ukun 28-28, ya ba sauran biyun 8-8. Su biyun kuma suka raba 20-20 bisa gaskiya. Kowane ɗaya daga abokan zai tara 124, lambarsa 1.24, makinsa ya haura 74. Kowane ɗaya daga biyun zai tara 64, lambarsa 0.64, makinsa 38 da ɗoriya. A tsarin da 70 ke ba da A, ƙasa da 40 kuma faɗuwa ce, uku sun tashi da A, biyu sun samu kariyoba, a kan aiki iri ɗaya.

Masu manhajojin sun san da wannan. Suna ba malami damar ya ce rabin makin kawai za a ninka, wasu kuma suna ɗaga tuta idan suka ga alamar haɗin baki. Idan aka yi rabi, abokan za su samu 67, sauran 49. Ya rage, amma har yanzu tazarar maki 18 ce da ba ta da tushe a cikin aikin. Kuma ka lura, lissafin bai yi kuskure ba ko kaɗan. Abin da aka zuba masa ne gurɓatacce, ya fitar da shi da lambobi biyu bayan ɗigo, ya zama kamar kimiyya.

Ba sai an haɗa baki ba ma

Ni da na ba abokina tara, ba mu zauna mun ƙulla komai ba. Kara ce. A ajinmu akwai waɗanda suka shigo da difloma, sun girme mu, wasu da iyali, wasu sun yi shekaru suna aiki a wajen gini. Yaro ɗan shekara ashirin ya rubuta wa mutumin da yake kira Yaya ko Oga huɗu bisa goma? Da wuya. Akwai shugaban aji da kowa ke buƙata gobe. Akwai mata, waɗanda a ajinmu tsiraru ne, kuma idan aka sa zama bayan magariba a hostel ɗin maza ba za su iya zuwa ba, sai su yi nasu kason a ɗaki su kawo. Wanda aka gani a zama shi ake tunawa.

Za a ce ai a ɓoye ake yi. A rukunin mutum biyar ko shida, ɓoyewar ba ta wuce suna ba. Idan makinka ya faɗi, cikin minti biyar za ka lissafo wanda ya yi maka. Kowa ya san haka, shi ya sa kowa ke ba kowa takwas ko tara a zauna lafiya. A ƙarshe dai ɗayan biyu ne: ko makin ya zama iri ɗaya, bai bambance komai ba, ko ya bambance abin da ba shi aka nema ba.

Wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. Ngar-Fun Liu da David Carless sun rubuta a 2006 cewa a Hong Kong ɗalibai da malamai da dama ba sa son tsara ya ba tsara maki, suka kuma ba da shawarar a fi mai da hankali kan gyara da sharhi. Sai dai inda girmama na gaba da kunyar ido ke da ƙarfi, dole a yi tsammanin matsalar za ta fi tsanani.

Inda tsarin ke da amfani na gaske

Duba aikin juna ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a, tun kafin masana koyarwa su sa masa suna. A tsohon tsarin ofishin ƙiyasi, ana awo ne a kan takarda mai gida huɗu: sau nawa, awon kansa, sakamakon ninkawa, sai bayani. Wanda ya ninka lambobin daban, wanda zai sake bi ya tabbatar daban, kuma sai ya yi alama a gefen kowane layi da ya duba. Dalili kuwa, ido ba ya ganin kuskuren hannunsa.

Ga misali. Ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 daga waje, katanga bulo inci tara, wato kaurin milimita 225, tsayi mita 3. Sabon ɗalibi zai ce kewaye mita 20 ne, sau 3, murabba'in mita 60. Da bulo kusan goma a kowane murabba'in mita, bulo 600 ke nan. Amma ya ƙirga kowace kusurwa sau biyu. Idan aka bi tsakiyar katanga, sai a cire kaurinta sau huɗu, kewayen ya koma mita 19.1, filin ya koma 57.3. A cire ƙofa mai 0.9 da 2.1, a cire taga mai 1.2 da 1.2, saura kusan 54. Bulo 540. Bambancin bulo 60 a ɗaki ɗaya tak. Ka ninka wannan a ginin makaranta mai aji ashirin ka ga abin da mai gini zai biya a banza.

Ɗalibin da ya kamo wannan kuskure a takardar wani, ba zai sake yin sa a tasa ba. Kuma ba sai ya ji kunya ba, don ba ra'ayinsa ba ne, ga lissafi nan a fili. Bincike ya goyi bayan haka. David Nicol da abokan aikinsa, a wani nazari na 2014 kan ɗaliban zanen injiniya a Jami'ar Strathclyde, sun nuna cewa mai duba aikin wani yakan riƙa kwatanta shi da nasa, har ya gano gyaran da nasa ke buƙata. A 2020 kuma Kit Double da abokan aikinsa sun tattara bincike 54, suka samu cewa auna juna yana ƙara ƙwazon ɗalibai, ƙari ɗan madaidaici. Lura da abin da wannan ke nunawa: ɗalibai suna koyo. Bai nuna cewa makin da suka ba juna ya cancanci shiga takardar sakamako ba.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Ba zan yi kamar masu kare tsarin ba su da abin faɗa ba. Na farko, 'yan cin bulus gaskiya ne. Tun 1913 wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa cewa idan mutane suna jan igiya tare, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa yana raguwa yayin da yawansu ke ƙaruwa. Ba kowa maki ɗaya zalunci ne ga wadda ta auna katangun. Na biyu, malami ɗaya da aji cike maƙil ba zai iya bin kowane rukuni ba. Na uku, suna cewa mai ƙiyasi zai yi rayuwarsa yana yanke hukunci kan aikin wasu, gara ya fara tun yanzu.

Biyun farko na yarda da su, kuma dole a nemo musu magani. Na ukun ne nake ganin ya juya wa masu shi baya. Eh, mai ƙiyasi yana auna aikin ɗan kwangila, yana tantance masu neman kwangila. Amma ƙa'ida ta farko a sana'ar ita ce mai ruwa da tsaki ba ya zama alƙali. Dokar sayen kayan gwamnati ta Najeriya ta 2007 ma ta yi tanadi a kan cin karon muradi. Idan muka sa ɗalibi ya auna abokin ɗakinsa, a tsarin da ragin wani ƙarin wani ne, me muka koya masa? Mun koya masa cewa lamba abar sasantawa ce. Wanda ya saba rubuta tara a inda ya san huɗu ce, me zai hana shi gobe ya sa hannu cewa an zuba dakin, alhali rodi kawai aka ɗaure?

Abin da nake ganin ya fi

Na ɗaya, a bar ɗalibai su duba aikin juna sosai, amma daga rukuni zuwa wani rukuni, kuma makin da za a bayar ya zama na ingancin dubawar. Ka kamo kuskure ka kawo hujja, ka samu. Ka ce komai daidai alhali akwai ɓaraka, ka rasa. Nan take kara ta daina biya.

Na biyu, kafin a sake su, malami ya ba su takardar awo guda da ya dasa kurakurai a ciki da gangan, kowa ya duba, a tattauna a aji. Da haka za a san wa ya iya dubawa kafin a ɗora masa aikin wani.

Na uku, a bar takarda ta ba da shaidar gudummawa. Kowane shafin awo ya ɗauki sunan wanda ya auna da na wanda ya duba, da kwanan wata, kamar yadda ake yi a ofis. Idan a kwamfuta ake aikin, tarihin gyare-gyaren fayil yana nuna wa ya taɓa me.

Na huɗu, ranar miƙa aiki a yi wa kowa tambayar baka ta minti biyu ko uku a kan shafin da ke ɗauke da sunansa. Me ya sa ka cire 0.9 a nan? Wanda bai yi aikin ba, a tambayar farko zai tsaya. Yana cin lokaci, gaskiya ne, amma 'yan digiri na biyu irina muna nan, kuma wannan aikinmu ne.

Na biyar, idan har za a raba waccan 'yar takarda, ta zama ƙararrawa kawai. Rukunin da makinsa ya nuna rigima, malami ya kira su ya ji ba'asi. Kada a ninka ta da komai.

Da an yi haka a aji uku, abokina zai tsaya a gaban malami da shafi babu sunansa, ba ruwana, kuma mu ci abincinmu da daddare lafiya. Ita kuma waccan ɗaliba, shafukan katangu da filasta duk da sunanta a kai, ba ta buƙatar in tuna muryarta kafin ta samu haƙƙinta. Idan kai malami ne ko ɗalibi a wannan fanni, lokacin da aka sake miƙo maka takardar ba abokanka maki, ka tambayi abu ɗaya: lambar da zan rubuta, akwai wanda zai iya sake aunawa ya tabbatar da ita? Idan babu, to a sana'armu ba a biyan kuɗi a kan irin wannan lamba, bai kamata kuma a ba da digiri a kanta ba.